Neman shawara kan maganin fitar da gubar zaiba

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman likitoci. Ƙanena ya yi shekaru a wajen haƙar zinari, shi ke ƙona zaibar da ake kama zinarin da ita, hayaƙin na shiga hancinsa. Yanzu hannunsa na rawa har cokali ba ya riƙuwa, dasashinsa ya kumbura, ga yawan mantuwa. Gwajin fitsari ya nuna zaiba a jikinsa.

Likita a nan Katsina ya ambaci wani magani mai suna DMSA, wanda aka ba yaran Zamfara lokacin gubar dalma a 2010, wai yana kama gubar ya fitar da ita ta fitsari. Abin da ya ɗaure min kai, shin bincike ya nuna rawar hannun tana dainawa, ko gubar kawai ke raguwa? Kuma ina ake samun maganin? Mun zagaya kemis-kemis, babu.