Wa kuka gane a cikin gatanar da aka yi muku?

Mai buɗe zance, daga Zango:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina tattara gatanar da muka ji muna yara a Damagaram, sai na lura mutanen cikinta ba sa canzawa: Gizo da Ƙoƙi, kura, Dodo, tsohuwar bakin rafi, ƴar mowa da ƴar bora. A ganina da bakinsu iyayenmu mata ke faɗin abin da ba ya faɗuwa da rana. Kowa ya gaya mana wanda ya gane a gidansu.

Wata uwa daga Birni:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ƴar bora ce ta gaske, ɗakin innarmu ne na ƙarshe a gida. In an ce "ga ta nan, ga ta nanku", mu amsa "ta zo mu ji ta", kakarmu takan ɗauko ta yarinyar da aka kora rafi. Ta tarar da tsohuwa tana wanka, ta ce a cuɗa mata baya, yarinya ta cuɗa ba ƙyama. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi ta dafa, ba ta raina ba, tukunya ta cika. Da aka zo zaɓen ƙwai ta ɗauki wanda aka ce ta ɗauka, ta fasa, dawaki da dukiya suka fito. Ƴar mowa ta je da tsiwa, ta zaɓi babba, ta kwaso wahala. Kaka ba ta taɓa kiran sunan kowa ba, amma duk tsakar gida an san da wa ake, har kishiyar inna takan tashi ta shige ɗaki. A daren nan kawai nake kwana ina jin akwai mai ganinmu.

Wani malamin lakwal a Mirya:
Hajiya, Allah ya jiƙan kaka. Ni Gizo ne ke ba ni aiki a aji. Ana so in ce wa yara mugun misali ne, amma ko na kwaikwayi tsamin bakinsa kaɗan, ajin nan duka bayansa yake. Ƙaramin da ba shi da ƙarfi, ya shiga tsakanin giwa da dorina ya sa su ja igiya da juna: talaka ne gaban manya. Kwaɗayinsa kuma shi ke kayar da shi, Ƙoƙi tana gefe ta riga ta faɗa masa.

Wani dattijo, Garin Malam:
Malam, kada a wanke Gizo da yawa, yakan ci amanar abokinsa ma. Mu Dodo aka fi yi mana, kuma kullum wajen ruwa yake, tafki ko rijiya. Garin da ya san ƙishirwa irin namu, yara ke zuwa ɗiban ruwa da nisa. Saboda Dodo ban taɓa leƙa rijiya ni kaɗai bayan magariba ba.

Uwar daga Birni:
Baba, haka ne. Mu kuma an ce mai yin gatana da rana zai ɓata a kasuwa, don kada mu bar surfe.

Mai buɗe zance:
Na gode. Wanda kakarsa ta yi masa ta Ta-Kitse, wadda ta narke a rana, ya kawo mana yadda ta ƙare a gidansu, don na ji ƙarshe iri biyu.