Manhajar adashe da walat: sa hannu biyu ko ɗaya?

Ɗan Jega: Salamu alaikum. Ina haɗa wa 'yan kasuwar shinkafa na nan Birnin Kebbi manhajar adashe da USDT (kuɗin kirifto mai bin darajar dala) a kan sarƙar blockchain ta BNB Chain. Mutum ya haɗa walat ɗinsa (asusun kirifto) ta WalletConnect (hanyar haɗa walat da manhaja), manhaja ta shirya ciniki, shi ya sa hannu. Matsalar, kowane zubi sai an danna sau biyu: na farko izinin kwantiragi (shirin da ke gudanar da adashen a kan sarƙar) ya taɓa kuɗin, na biyu zubin kansa. Dattawa sun ce wahala ce. In nemi izini marar iyaka tun farko, ko in bar shi haka?

Mai Solar: Koma sarƙar Tron kawai, can kowa yake.

Ɗan Jega: Yallaɓai, ba sarƙa na tambaya ba.

Baban Hanifa: Marar iyaka? Ƙanena, kar ka soma. Bara wani shafi ya ce in sa hannu in karɓi kyauta. Kalmomin sirri 12 na walat ɗina ban ba kowa ba, wallahi a takarda suke. Bayan kwana uku na duba, USDT 340 babu, kuɗin auren ƙanwata. Ashe izinin nan na bayar, kuma ba ya mutuwa sai ka soke shi da kanka, sokewar ma da kuɗin gas, wato ladan da ake biya a kan kowane ciniki a sarƙa. Har yau a gida cewa ake caca na yi.

'Yar Argungu: Allah ya mayar da alheri. Amma Yaya, shafin ɓarayi daban, manhajar adashe daban.

Baban Hanifa: In aka sami ɓaraka a kwantiragin nasa fa? Duk wanda ya ba da izinin a buɗe yake.

Mai Solar: Gas ɗin ma nawa ne? Jiya ko naira 100 ban biya ba.

Kawu Mafara: Ni sama da 3,000 aka ci mini, cinikin kuma ya faɗi.

'Yar Argungu: Kawu, kai a sarƙar Ethereum ka yi. Kuma ko ya faɗi gas ba ya dawowa. Ɗan Jega, tuna wa mutanenka sai da ɗan BNB, kuɗin sarƙar, a walat, USDT ba ta biyan gas. Ka fara gwadawa a testnet, sarƙar gwaji da ba ta cin kuɗin gaske.

Mai Solar: Malama, manhaja nawa kika taɓa haɗawa?

'Yar Argungu: Kai da ka zo da Tron?

Kawu Mafara: Adashen Inna babu gas, sai dai a cire mata zubi ɗaya 😂

Baban Hanifa: Ku da kuke da sabis ma kenan. Mu a Gusau, da aka rufe layukan waya a 2021, makonni ko saƙo ba ya fita. Ranar kwasa ta zo a haka, wa zai danna?

Kawu Mafara: Yanzu ma sai na hau soro WalletConnect ke haɗuwa, kafin in sauko ya yanke.

Ɗan Jega: To jama'a, izinin fa?