Allurar rage ƙiba ta yi wuya a farmasi, wata na saidawa ta WhatsApp, in saya?

Maman Ihsan:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nika nema. Tun haihuwata ta huɗu jikina ya buɗe, yanzu kilo 104 nike, gwiwa ta dame ni har sallah wani lokaci zaune nika yi, kuma tansiyo ta fara hawa. Wata ƙawata da ke Yamai ta yi allurar nan Ozempic mai kama da bik wadda aka yi sau ɗaya a sati, wallahi da na gan ta wajen biki sai da na sake dubawa. Na zaga farmasi uku nan Maradi, biyu sun ce ba su kawo ta, ɗaya ya ce sai an yi komanda kuma bai san ranar zuwanta ba, kuma sai da ordonas, wato takardar likita. To cikin gurup ɗinmu na adashe akwai wata hajiya da ka kawo kaya daga Dubai ta Kano, ta ce tana da ita jika 45, direba zai kawo ta Jibiya. Ta turo min hoton kwalin, ni dai na ga kamar ta gaske ce. Mi kuka gani?

Ɗan Zariya 2:
Hajiya ki gode ma Allah, wasu kuɗi suka kashewa su samu jikin da kike son zubarwa. Ki bar tuwon dare da lemun kwalba kawai ki riƙe jikkunanki.

Abban Farmasi:
Wa alaikumus salam Maman Ihsan. Shekara tara ina aiki bayan kanta a farmasi, bari in gaya miki abin da na sani. Ozempic asalinta maganin ciwon suga ne, kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Danmak ke yin ta, sinadarin ciki sunanshi semaglutide. Wadda anka yi don ƙiba sunanta Wegovy, sinadari ɗaya ne amma awon ya bambanta, a 2021 Amurka ta amince da ita. Daga nan ne duniya ta ruɗe, masu suga da masu ƙiba sunka hau layi guda, tun 2022 ta yi ƙaranci har can Amurka, sai a Fabrairun 2025 hukumar magungunansu ta ce ƙarancin ya wuce. To in su da ke da kuɗi sun yi shekaru suna nema, ki tambayi kanki ta ina ta biyo har ta faɗo cikin gurup ɗin adashe da araha.

Hoton kwali ba ya nuna komi, masu jabu kwalin sunka fi iyawa. A watan Yuni 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fidda gargaɗi saboda an kama ta jabu a Birazil da Ingila da Amurka. A Ostiriya kuma a 2023 sai da anka kwantar da mutane asibiti, bik ɗin da sunka saya da sunan Ozempic ashe insulin ce ciki. Mutumin da ba shi da suga ya ɗirka ma kanshi insulin, suganshi zai faɗi ƙasa, zufa, makyarkyata, suma, in babu kowa kusa sai dai wani labari.

Mu ɗauka ma ta gaske ce. Abin da ya fi damuna shi ne hanya. Kafin a buɗe ta dole ta zauna cikin firigo tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ta son zafi kuma in ta daskare ta lalace. Bayan an fara amfani da ita tana iya kai makonni a waje amma kar zafi ya wuce 30. Yanzu ki duba, daga Kano cikin but ɗin mota tare da atamfa da turare, a tsaya Katsina, a tsaya Jibiya, a yi zaman jira kan iyaka a Ɗan Isa rana na dukan ƙarfe, mu da ke ganin sama da 40 a watan Afrilu. Ko an sa ta cikin kula da ƙanƙara wa ya san sa'ad da ƙanƙarar ta narke? Ruwan ciki zai zo garau kamar ba abin da ya same shi, ido ba ya ganewa. Sannan gidanki in kuran ya ɗauke wuni guda ina za ki aje ta, wannan ma abin tunani ne.

Ummu Sadik:
Ni dai ba allura na yi ba amma na ɗanɗana. Shayin rage tumbi na saya wajen masu yawo da magani cikin tire a kasuwa, kwana huɗu ina sha zuciyata na bugawa kamar ana daka cikin ƙirjina, barci ya ƙaurace, ga zawo. Da na tahi likita sai da infirmiyar ta yi min faɗa sosai, ta ce irin waɗannan wasu ana zuba musu wani magani sibutramine da anka hana tun 2010 don yana taɓa zuciya. Ke da kike da tansiyo ma ki yi nesa da su. Kilo biyun da na rage ruwa ne, sati guda sunka dawo.

Maman Ihsan:
Innalillahi, Abban Farmasi ka tsorata ni da maganar insulin ɗin nan. To in na samu ta hanyar farmasi shikenan sai in fara?

Sajo-fam (ungozomar asibiti):
A'a ƙanwata, sai likita ya gan ki tukuna, ba don wahalar da ke anka ce ordonas ba. Tambaya ta farko da zan miki, kina shayarwa ko kina sa ran wani cikin? Mai ciki ba ta yin ta, mai neman ciki ma ana so ta daina wata biyu kafin nan. Za a tambaye ki ko kin taɓa ciwon pankiriyas wato ɓangaren ciki mai daidaita suga, ko akwai wani irin kansar tiroyid, wato ƙululun da ke gaban wuya, a danginku, a yi miki analiz na suga da ƙoda. Kuma da ƙaramin awo aka farawa, miligiram 0.25 har sati huɗu sannan a ƙara, don tana sa tashin zuciya da amai da zawo ko kumburin ciki, mai saidawa ta waya ba za ta gaya miki wannan ba, ita dai a turo kuɗi. Wani abu da mutane ba su son ji, a gwajin da anka yi masu Wegovy sun rage wajen kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu amma cikin sati 68, kuma waɗanda sunka daina, cikin shekara guda mafi yawan kilon ya dawo. Ke nan ki lissafa kuɗin watanni da yawa kafin ki fara, kar ki yi bik ɗaya ta yanke.

Ɗan Zariya ya yi wasa amma akwai gaskiya ciki, sukarin shayi da na fura da lemu in kin rage su gwiwar za ta ji sauƙi. Amma tansiyon ita ce ba ta jira, ki je a auna ki cikin satin nan.

Malam Na Bagalam:
Tsohuwata na da suga shekara goma sha ɗaya, mun san wahalar neman magani in ya yanke, musamman lokacin da anka rufe iyaka a 2023. Don Allah in likita ya rubuta miki ki tambaye shi ko akwai wani da ba na masu suga ba.

Maman Ihsan:
Na gode muku duka, Allah shi saka. Na tambayi hajiyar cikin mi za a kawo ta, ta ce cikin leda ne amma direban mai sauri ne, sai na ce ta bari kawai. Sajo-fam ƙaramin wata goma sha huɗu gare shi bai bar nono ba, kin ga ke nan da sauran magana. Litinin in sha Allah zan sa maigida ya kai ni a auna tansiyon, in na dawo zan gaya muku abin da likitan ya ce.