Jirgin ruwan yaƙin Indiya, shekara 13 ana abu guda?

Ɗan Birni:

Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya da dare a fadarmu gardama ta kaure har shayi na biyu ya huce ba wanda ya kula. Wani ne ya nuna muna bidiyo a Facebook na jirgin ruwan yaƙin Indiya, wannan mai goye da jiragen sama a bayanshi, Vikrant suke ce mishi, wai shi ne na farko irinshi da suka ƙera da hannunsu. To ni dai ban taɓa ganin teku ba, iyakata tabkin Gidimuni, amma abin da ya ɗaure min kai shi ne an ce tun 2009 aka aza ginshiƙinshi, sai 2022 sojan ruwa suka fara aiki da shi. Shekara 13! Yaron da aka raɗa ma suna ranar ya shiga kolej. Ƴan Sin kuma ance nasu shekara shida suka gama. Ni na ce cuwa-cuwa ce kawai irin tamu, an cinye kuɗin, abokina ya ce ban san komai ba. Don Allah masu sani ku raba mu.

Malam Mai Tarihi:

Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka ya ɗan fi ka gaskiya, kuma in da za a ƙirga sosai abin ya ma wuce 13, don gwamnatinsu ta amince da aikin tun 2003, aka fara yankan ƙarfe a 2005 a ma'aikatar ƙera jirage ta Kochi da ke jihar Kerala, kudancin ƙasar. Abin da ya fara taka musu birki ƙarfen ne kanshi. Jirgin yaƙi ba da irin tol ɗin da ake ƙofar gida da shi ake yi ba, ƙarfe ne na musamman mai jure duka da gishirin teku, kuma daga Rasha suka sa ran samunshi, Rasha ta kasa kawowa. Sai ya zamana dole masu bincikensu na soja da kamfanin ƙarfen gwamnati, SAIL, su zauna su koyi dafa irin wannan ƙarfen a gida. Sun iya daga baya, amma shekaru sun tafi.

Ana fita wannan sai na'urar da ke kai ƙarfin inji zuwa farfela, wato buwat, ta makara, wani kamfani a Gujarat ke yinta kuma bai taɓa yin mai girma haka ba. Ga kuma motar da ta ɗauko manyan gurup na wutar jirgin ta yi hatsari a hanya. A Disamba 2011 sai da suka fiddo gangar jirgin daga ramin da ake ƙira a ciki, ba don an gama ba, don wurin ana buƙatarshi da wasu ayyukan. Sun yi bikin sakinshi a ruwa a Agusta 2013, kowa ya tafa, alhali ciki kango ne, ba wayoyi ba bututu. Daga nan kuma aka koma jiran kayan filin saukar jirage, su ma daga Rasha. Korona ta zo ta ƙara nata. Sai Agusta 2021 ya fara fita gwaji cikin teku, ranar 2 ga Satumba 2022 firaministansu Narendra Modi ya ƙaddamar da shi.

Ka tuna kuma abin da ake magana a kai, tsawo mita 262, nauyi wajen tan 45,000, mutum kamar 1,600 ke kwana su tashi a ciki, da asibitinsu da kicin. Unguwa ce guda ke yawo kan ruwa.

Usta na Garaji:

Malam Allah ya ƙara ilimi. Ni ban yi lakkwal mai nisa ba amma wannan zancen na buwat da kuka yi na gane shi fiye da kowa a nan. Akwai kamiyon wani Alhaji da ya kwana wata bakwai a garajinmu, mun sauke inji mun gyara tsaf, mun yi walda, yara har fenti suka shafa mishi, duk wanda ya wuce sai ya ce kai Usta wannan mota ai ta tashi. Haƙori guda ne cikin buwat ya karye, ƙarfen da bai fi tafin hannuna ba. Muka aika Kano babu, aka ce sai Kwatano, lokacin kuma iyaka na rufe, mai kawo kayan kullum sai ya ce sati mai zuwa in sha Allah. Kaji suka yi ta ƙwai ƙarƙashin motar, tayu biyu suka sace don zama, Alhaji yana zuwa yana min kallon ɓarawo. Wallahi ko dala ban ci mishi ba.

To ɗan Birni ka ga abin da nike so ka gane, wanda ke jiran piyes daga hannun wani ba shi da ranar gama aiki, sai ranar da mai piyes ya ga dama. Bambancina da ƴan Indiya su da aka hana su ƙarfe sun hura wuta sun yi nasu, ni kuwa zama na yi ina kaɗa ƙuda.

Hajiya Ta Sabon Gari:

Ku dai maza da son kayan faɗa. Ni na yi jinyar mahaifiyata wata biyu a Indiya, na ga masu kwana bakin titi da idona, iyali guda ƙarƙashin leda. Kuɗin da aka fara yanke ma jirgin nan wajen rupi miliyar 32 ne, kafin a gama aka maida shi sama da miliyar 190, ninki shida kenan fa. Kuma ba ƴan adawa suka faɗa ba, mai binciken kuɗin gwamnatinsu ne ya fitar da rahoto a 2016 yana cewa an fara aiki zane bai kammala ba, sojan ruwa da ma'aikatar ma ba su daidaita kan ranar gamawa ba. Don haka Malam kar a wanke su tas, akwai sakaci. Kuma wane irin ƙirar gida ne injinanshi huɗu na General Electric ne na Amurka, jiragen da ke tashi a kai MiG-29K na Rasha, yanzu kuma sun sa hannu a 2025 za su sayi jirage Rafale 26 wajen Faransa? Ni in na ɗinka riga da shaddar wani da zaren wani da keken wani, ai ɗinki kawai na yi.

Malam Mai Tarihi:

Hajiya ban musa miki ba, rahoton nan gaskiya ne, su kansu kashi 76 cikin ɗari suka ce nasu ne, ba su ce duka ba. Amma ki duba me ya same su da suka ce bari su sayi na kanti. A 2004 suka yi ciniki da Rasha kan tsohon jirgi Admiral Gorshkov, a gyara musu shi kan ƙasa da dala miliyar ɗaya ta Amurka, aka ce 2008 za a ba su. Sai ƙarshen 2013 aka miƙa musu shi, kuɗi ya haura miliyar biyu, kuma ba yadda suka iya tunda sun riga sun sa ƙafa. Wanda aka yi ma haka shi ya san dalilin da zai jure wahalar koyon ɗinki, ko da keken aro ne.

Ko Faransa da muke gani, jirginsu Charles de Gaulle an aza shi 1989 sai 2001 ya fara aiki, sai da aka ƙara ma filin saukar tsawo don ya yi gajere, farfela kuma ta karye musu a tsakiyar teku lokacin gwaji.

Abba Soraz:

Ni kan maganar Sin zan tsaya. Jirginsu Shandong sun fara shi 2013, Disamba 2019 ya shiga aiki, gaskiya ne. Amma yaya ɗan Birni ba daga sama suka faɗo ba, sun sayi gangar wani jirgi da ba a gama ba daga Yukren a 1998, suka ja shi har gida, suka kwance suka ɗaura suka yi ta nazari har ya zama Liaoning a 2012, sannan suka yi na biyu kusan kamarshi. Kuma ƙasar da ta fi kowa ƙera jiragen ruwa na kasuwa a duniya ce, ƙarfe nasu, masu walda dubbai. Ku duba matatar manmu ta nan Damagaram, Soraz, 2008 aka aza dutse, Nuwamba 2011 mai ya fito, don komai a kwantena ya zo har ƙusa. Ku duba kuma madatsar ruwa ta Kandaji, ita ma 2008 aka aza, muna nan muna jira.

Ɗan Birni:

To na ji, na janye maganar cuwa-cuwa rabi, rabin na bar ma Hajiya ta riƙe min. Usta kai kuma ba ka faɗa muna ba, kamiyon Alhaji ya tashi ko har yanzu kaji na ciki?

Usta na Garaji:

Ya tashi ƙanena. Wani tsoho mai turu a Maraɗi ya feƙe muna haƙorin daga ƙarfen wata matacciyar mota, jikka arba'in. Yana nan yana jigilar albasa zuwa Agadas, sai dai in ya shiga bites na uku yana kuka kamar akuya.