Farfela huɗu a kan turke ɗaya: wai wutar ninkawa take yi?

Auwal, Gombe: Abin yana ci mini rai. Duk wanda ya ambaci injin iska a nan sai a ce ya koma sola. Ga kamfanin Vestas mai ƙera injinan iska, a 2016 sun kafa turke ɗaya mai farfela huɗu a Denmak, ga kamfanin Mingyang na Sin da injin kan teku mai farfela biyu, megawat 16.6. Wuta tana ninkawa, mu muna barci.

Injiniya Bala, Bauchi: Malam Auwal, cire kalmar "ninkawa". Wutar injin iska tana bin faɗin da'irar da fukafukai ke sharewa ne. Farfela ɗaya mai faɗin mita 4 tana share murabba'in mita 12.6. Huɗu masu mita 2 kowace, jimlarsu 12.6 ɗin ce dai. Ina ninkin?

Auwal: To na Vestas fa, kilowat 900?

Injiniya Bala: Tsofaffin injina huɗu ne masu kilowat 225 aka jera. Ka tara ka gani. Ƙarin wutar da aka auna saboda jera su a turke ɗaya bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, kuma a 2018 suka sauke shi.

Hajiya Rabi, Kumo: Injiniya, ka yi masa adalci. Ribar tana wajen nauyi. In ka ninka tsawon fiffike, faɗin da yake sharewa ya ninka huɗu, amma nauyinsa ya doshi ninki takwas. Ƙanana huɗu sun fi babba ɗaya sauƙin ƙerawa, ana ɗora su a mota, kuma in ɗaya ya lalace uku suna aiki. A ma'aunin wuta bisa kowane kilo na fiffike, akwai riba.

Injiniya Bala: Riba daban, ninki daban, Hajiya. Kuma kin bar nauyin hannuwan ƙarfen da ke riƙe su. Farfelar gefe ɗaya ta tsaya, iska na tura ɗaya gefen, turken yana murɗewa. Ga boris huɗu, birki huɗu, janareta huɗu, duk ƙurar hunturu tana shiga.

Sani mai walda: Ku mutanen Bauchi kullum lissafin allo. Turke in an ɗaure shi da waya ta kusurwa huɗu ba ya murɗewa.

Musa, Azare: Waya tana hana faɗuwa, ba ta hana girgiza. Kuma me ya kawo Bauchi? Ku fara auna iskar Gomben. A gudun mita 4 cikin daƙiƙa, wancan faɗin na 12.6 zai ba ka wat 150 ko ƙasa. Iska ta ninka gudu, wuta ta ninka takwas. Ga inda ninkin gaskiya yake, a tudu da doguwar hasumiya.

Sani: Kai dama faifan sola kake sayarwa.

Musa: Ka tambayi shekara nawa injinan iska na Lambar Rimi a Katsina suka ɗauka kafin su ba da wuta.

Hajiya Rabi: Waɗancan farfela ɗaiɗai ne, kuma jinkirin kwangila ne, ba laifin iska ba.

Injiniya Bala: Bari in taƙaita tunda ni ke kula da zauren. An amince babu ninki. Maganar nauyi ta Hajiya ta shafi manyan injinan teku ne kawai. Mai son gwadawa ya kafa ma'aunin iska a tsayin mita 10 ya rubuta na shekara guda tukuna.

Hajiya Rabi: Ni ban amince da "kawai" ɗin nan ba.