Wai me ya kashe Chanchangi?

Na Tudun Wada: Wallahi yau da na ga kuɗin tikitin Legas sai da na ajiye waya na yi tagumi, na tuna Chanchangi, jirgin namu na Kaduna da ya fara tashi a 1997, kullum yana Kaduna Abuja Legas har Fatakwal, amma aka taru aka kashe shi saboda na ɗan Arewa ne. Duk wanda ya ce ba hassada ba ce ya fito mu yi.

Baban Ummi: Namu? Malam gyara zancenka. Mai kamfanin, marigayi Alhaji Ahmadu, mutumin Taraba ne, Chanchangi ɗin ma sunan gari ne a ƙasar Takum, ku dai zama ya yi muku.

Na Tudun Wada: Zama? Mutumin da ya yi arzikinsa a nan, ya gina masallatai da makarantu a nan, hedikwatar kamfanin ma tana nan shi ne za ka ce zama ya yi?

Baban Ummi: To me ya sa bai sa masa Tudun Wada Airlines ba 😂

Bakano: Ku dai Kadawa da son na banza. Jirginmu na Kano, Kabo, tun 1980 aka kafa shi, lokacin ku ko kurar jirgi ba ku da ita.

Yar Kawo: Kai kuma wa ya kasa da kai? Ina Kabon yanzu, ina jirgin IRS? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bakano: Hajiya ai mu bayansu ma mun yi jirgin Azman.

Injiniya: Jama'a an bar maganar fa. Tsofaffin jiragen Boeing 727 da 737-200 Chanchangi yake da su, shan mai kamar me, kayan gyara da babban sabis duk da dala ake biya shi kuma naira yake karɓa a tikiti. A 2010 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta dakatar da shi don jirgi ɗaya ne ya rage mai tashi alhali doka ta ce aƙalla biyu, ya dawo ya ɗan taɓa, daga nan bai sake miƙewa ba. Kuma jiragen Bellview da Sosoliso ai ba na Arewa ba ne, su ma sun tafi.

Baban Ummi: Injiniya bar wannan tukuna, kai dai faɗa musu ɗan ina ne.

Yar Kawo: Allah ya ji ƙansa tun 2017 ya rasu, a ina aka yi masa sallah? Ba Kaduna ba?

Bakano: Kadawa ko Kadoji? 😂

Na Tudun Wada: Admin ka ja wa yaron nan kunne ko in fita.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta kowa ya yarda jirgin na Kaduna ne, mutanen Taraba mun ji ku kuna da ɗan kaso a suna. Batun hassada kuwa babu wanda ya kawo hujjar da ta ƙaryata shi. Bakano sai gobe za a buɗe maka baki.

Injiniya: Ranka ya daɗe ka karanta nawa kuwa?