Stainless steel: silba za mu ci gaba da cewa?

Jama'a, ina neman kalma. Ana ta tambayar yadda ake fitar da baƙin shayi daga cikin fulas. Ita kalmar fulas ta zauna daram, ba mai ja. Ƙarfen da aka yi cikinsa da shi ne ba mu da tsayayyen suna.

A kasuwa silba ake cewa. Matsalar ita ce mai cewa silba yakan haɗa har da tukunyar alminiyam, alhali wankinsu ba ɗaya ba ne. Zuba ruwan kanwa mai zafi a alminiyam ki bar shi, sai ya dafe ya yi baƙi. Shi kuwa wannan ƙarfen, cokali biyu na bekin soda ko ɗan ruwan kanwa da aka tace, a cika da ruwan zafi, a bar shi ya kwana ba murfi, da safe buroshin kwalba kawai zai kwashe shatin shayin. Farin ɓawon da ruwan rijiya ke bari kuma lemon tsami ke cinye shi.

Wasu sun ce farin ƙarfe. To, dalma ma fara ce.

"Ƙarfe mara tsatsa" ya fi yawo a rubuce, amma ya yi tsawo, kuma akwai ƙari a ciki. Yana tsatsa mana! Abin da ke kare shi wani ƙarfe ne da ake gaurayawa a ciki mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata a samansa. In kin ga 18/8 a gindin fulas, kuromiyam kashi 18 ke nan, ƙarfen nikel kashi 8. Bilic na cin fatar nan har ƙarfen ya yi ƙananan ramuka, soson ƙarfe kuma ya kankare ta ya bar ɓurɓushin da zai yi ja. Harry Brearley da ya haɗa shi a Sheffield ta Ingila a 1913 ma da "mara tsatsa" ya fara kiransa, don haka ƙarin tsoho ne.

Ni dai ƙi-tsatsa na zaɓa, a kan ginin ƙi-gudu da ƙi-faɗi. Ƙi yake yi, ba a ce ba a iya fin ƙarfinsa ba. Fulas ɗin ƙi-tsatsa, cokalin ƙi-tsatsa, duk baki na ɗauka.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, da kuke jin "inox", sunan ƙarfen nan a Faransanci, a bakin 'yan kasuwa, akwai wata kalmar a wajenku?